Kan Burtun Mahaifina

Shekarun baya can muna zaune a unguwar Nuzla, lokacin da Turawan kamfanoni suka cika Jidda suna sayen duk wani tsohon abu. Mahaifina maharbi ne kafin ya taso aikin hajji a ƙafa ta Sudan. Abin da ya rage masa na sana'ar shi ne kan burtu, sassaƙen icce mai bakin tsuntsun na gaske. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya kamar tsuntsu har ya kusanci dabba ba ta gudu ba.

A shekarar ciwon ƙirji ya matsa masa, ya ce a gida yake so ya mutu. Kuɗin jirgi kuwa babu. Abokina mai ɗinki a Bab Makka ya ce akwai dillalin tsofaffin kaya kusa da shagonsa, kuma irin wannan kan ya yi tsadar da zai kai mu Kano mu biyu.

Baba ya yarda, amma ya ce, "Ba na miƙa wa baƙo abu da dauɗa. A ce maharbin ƙazami ne?"

Da farko muka ɓare tsohuwar fatar da ke lulluɓe da iccen. Sannan muka kankare baƙin gumi da hayaƙi. Daga nan ya ɗinka sabuwar fata, yana yi yana tari. Ni na sayo jan fenti na shafa masa, ina jin kaina gwani.

Da muka kai masa, dillalin ya jujjuya shi, ya shinshina.

"Ya Hajji, wannan ai jiya aka yi shi."

"Kakana ne ya sassaƙa shi," in ji Baba.

"To ina tsufan? Tsufan suke saya. Halas, shi ke nan, kai wa jikokinka su yi wasa."

Sai Baba ya ɗaura shi a goshi, ya duƙa a ƙofar shagon yana tafiyar burtu, don a gane na gaske ne. Masu wucewa suka tsaya suna dariya. Tari ya sarƙe shi, na ɗago shi muka tafi.

Bai kai azumi ba. A Jidda muka binne shi.

Daga baya na gane dauɗar suke biya, mu kuwa an rene mu a kan wanke ta kafin baƙo ya gani. Ban ga laifin Baba ba. Amma har yau ba na bin layin shagon dillalin nan.