Kuskuren Kawu Bello a Cikin Manhajar Wani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Bello, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙan shi. Injiniya ne tun farkon samun jiha, lokacin kwamfuta guda ce duk ofishinsu a Birnin Kebbi. A kanta ya rubuta manhajar da ke yanka zanen gada gutsi-gutsi kamar raga, ta lissafa nauyin da kowane gutsure zai ɗauka.

Abin da ya cinye mai shekaru shi ne haɗa abu uku cikin raga guda: rodi da kwamfuta ke gani kamar zare, silab mai faɗi, wato daɓen kankaren da ake bi a kai, da ginshiƙi dunƙulalle. Ɗan Argungu ne, sai ya ce igiya ce da komar kamun kifi da gora, kuma masunci wurin ƙulli yake ja. Kowane zane sai ya ɗora mai nauyin gwaji, ya ga ko rodi zai bi silab. Wuri guda ya gagare shi har ya bar duniya: in rodi ya shigo a karkace ba ya kamawa, manhajar kuma ta yi shiru. Duk wanda ya ba ita sai ya gargaɗe shi.

Watan jiya wani tsohon abokin aikin shi, ba zan kama suna ba, ya kawo mana sabuwar manhaja, wai daga ƙasar waje. Da ita aka zana gadar da masu shinkafa da albasa na wajen Augie za su riƙa bi, ni da na bi sawun Kawu na zama injiniya aka ce in sa hannu. Allo kore shar, alamar babu kuskure. Na ɗora nauyin gwaji. Silab ya lotsa, rodin karkace na tsaye abin shi.

Na ce, "Baba, ina aka rubuta wagga?"

Ya ce, "Ɗiyata, hannunki muke so, ba tambaya ba."

Ba ni da shaida. Amma kwamfutar Kawu ba wanda ya san inda ta shiga bayan sadakar bakwai, ga kuma kuskure iri guda a wuri guda. Da yana raye ba ɗaukar ce za ta dame shi ba. Cewa zai yi, wa ya ce ku ɗauki aikin ku bar gargaɗin?

Babu gini mai sunan shi ko guda. Rashin saurin yarda ya bar min, shi ke nan gadona. Ban sa hannu ba, an ce za a ba wani. Na san wanda za a ba, gobe da safe ina ofishin shi da gargaɗin kafin zanen ya iso.