Yadda Idon Sabon-Shigowa Ya Dushe

Sunan da aka san shi da shi bai dace da shi ba ko kaɗan. Mutum ne mai furfura a gemu, ga ɗan tumbi, ga tabarau a ƙarshen hanci, amma kowa Sabon-Shigowa yake ce masa. A gidan rediyo ya samo sunan, inda ya shafe shekaru yana gabatar da shirin wayoyi da kwamfutoci duk safiyar Asabar. Da an buɗe masa makirfo, kafin ma ya ƙarasa sallama, sai ka ji ya ce, "Jama'a, yau ma akwai sabon shigowa." Tun yana ɓata rai in an tsokane shi da sunan har ya haƙura ya riƙa amsawa.

Asalinsa ba ɗan jarida ba ne. Tsaron shago yake yi a layin masu sayar da kwamfuta, wani matsattsen lungu mai ƙarar janareta da ƙaurin dalma, inda kwalaye suke cinye rabin hanya. Wata rana wata furodusa, mai shirya shirye-shirye a gidan rediyo, ta kawo laftof ɗinta gyara a shagon da ke maƙwabtaka da nasu. Tana zaune a benci sai ta jiyo shi yana hana wani dattijo sayen kwamfuta mai tsada.

"Baba, wane aiki za ka yi da ita?"

"Rubutu kawai, sai kallon hotunan jikoki."

"To wannan ta fi ƙarfin aikinka. Kamar ka sayi tirela ne don kai yara makaranta. Zo ka ga wata."

Furodusar ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ta tafi ta karɓi lambarsa, Asabar ɗin da ta biyo baya kuwa sai ga shi a situdiyo, gumi yana keto masa, ya riƙe makirfo da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Abin da ya sa mutane suka so shi, ba ya sayar musu da komai. Sai ya kwana da waya a aljihu, ya yi kira da ita, ya bar ta a rana, ya ga yadda batirinta yake, sannan ya zo ya faɗi abin da ya gani. Ya taɓa cewa wata waya, in ka daɗe kana magana da ita, za ka iya goge riga da bayanta. Dilolin waya suka yi ta ƙorafi, masu sauraro kuwa suka yi ta maimaita maganar a motar haya. Yana da ra'ayi mai tsauri a kan wasu abubuwa: ya tsani wayar da ba a cire mata batir, ya tsani a ce wa tsohuwar laftof sabuwa don an goge mata jiki, kuma a kan kyamara yana iya cinye rabin shiri yana jayayya da mai kira.

Matarsa tela ce. Kekenta yana falo kusa da taga, rediyo a kan tagar, ƙyallaye a ko'ina. Ba ta damu da waya ba. Tata wata ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure ta da roba. Amma ba ta taɓa fashin shirinsa ba. In ya dawo ya tambaye ta me ta ƙaru da shi, sai ta ce, "Na ƙaru da cewa mura na neman kama ka. Muryarka ta shige hanci."

'Yarsu ɗaya ce, yana kiranta Mamana. A kan cinyarsa ta koyi danna kwamfuta, ta girma ta tafi karatu wani gari mai nisa, a can kuma ta yi aure ta zauna.

Abin ya fara ne da wata laftof. Wani dila ya ba shi ita ya gwada, ya kawo ta gida ya yi kwanaki da ita. Ranar Asabar ya yaba mata sauri da rashin nauyi, sannan ya ce, "Sai dai sikirin ɗinta yana da matsala. Tsakiyar tana da haske, amma gefe da gefe duhu ne, kamar an shafa mata hayaƙi."

Kira ya fara shigowa. Wani ya ce yana da irinta, tasa ƙalau take. Wata ta ce a ofishinsu da ita suke aiki, ba su ga wani hayaƙi ba. Sabon-Shigowa ya tsaya a kan bakansa, ya ce shi abin da idonsa ya gani yake faɗa. Yana fitowa ya tarar da dilan ya kira shi ya fi a ƙirga.

Ya dawo gida ransa a ɓace, ya buɗe laftof ɗin a kan teburin yankan matarsa.

"Don Allah zo ki raba mu. Dubi nan, dubi can. Ba duhu kike gani ba?"

Ta sauke tef ɗin awo daga wuyanta, ta sunkuya ta duba da kyau. Sannan ta ɗago, ba kwamfutar ta kalla ba, shi ta kalla.

"Malam, fes take."

"Ki dai duba."

"Na duba." Ta mayar da tef ɗin wuyanta. "Jiya ka yi karo da kujerar nan, shekaranjiya ka ture min kwanon maɓallai. Na ɗauka gaggawa ce."

Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya dubi bango, ya sauya ya rufe ɗayan. Daga nan ya nemi wuri ya zauna.

Likitar ido ta daɗe tana haska shi da fitila, ta sa ya leƙa cikin wata na'ura yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Ya ji da kansa yadda yake daɗewa bai danna ba. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani zai iya rage wa sauran gudu ne kawai.

"Yawan kallon sikirin ne ya jawo?" ya tambaya. Ya so ta ce e, ko ba komai ya sami abin da zai ɗora wa laifi.

"A'a, Baba. Ba ruwan sikirin. Akwai wanda ya makance a danginku?"

Sai a lokacin ya tuna da kakarsa, da yadda take lalubar bango.

Asabar ta gaba ya janye maganarsa a kan laftof ɗin, ya ba dilan haƙuri a gaban kowa, ya ce matsalar daga wajensa take. Bai yi ƙarin bayani ba, ba wanda ya tambaya.

Daga nan duniyarsa ta riƙa tsukewa a hankali, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya daina tuƙa babur. Ya bar shago, don ya fara miƙa wa mutane cajar da ba ita suka nema ba. Shirin ne kaɗai ya riƙe da ƙarfinsa, kuma matarsa ce ta riƙe masa shi. Da yamma sai ta rufe keke, ta ɗauki kwalin sabuwar waya, ta karanto masa ƙananan rubutun da ke jiki. Turancinta na aji kaɗan ne, takan karya kalma gida uku, shi kuma ya gyara mata, su yi ta musu.

"Wannan kuma mene ne, megafizil?"

"Ba fizil ba ne, Hajiya. Ƙarfin kyamara ne."

"To su rubuta ƙarfin kyamara mana. Mutane da son wahalar da bayin Allah."

Ita ce take ɗaukar hoto da wayar ta gaya masa ko launin atamfa ya fito daidai. A nan kam ba a ja da ita, don idon tela ne. Masu sauraro suka riƙa cewa sharhinsa a kan kyamara ya ƙara kyau. Yakan dawo ya gaya mata, ta ce a kawo mata nata kason na suna.

Sun daɗe a haka, fiye da yadda likita ta zata. Amma situdiyo wuri ne na ido. Injiniya yana bayan gilashi, da hannu yake magana: ɗaga yatsa, saura kaɗan, yanke wuya, lokaci ya cika. Wata Asabar Sabon-Shigowa ya yi nisa a bayanin batir, bai ga yatsa ba, bai ga jar fitila ta mutu ba. Aka rufe makirfonsa aka shiga labarai, shi kuwa yana ta zuba, har da ɗan barkwancinsa, shi kaɗai a ɗaki. Sai da injiniyan ya zagayo ya dafa masa kafaɗa.

"Baba, mun fita tun ɗazu."

Manajan tashar mutumin kirki ne, sun daɗe tare. Ya kira shi ofis, ya sa aka kawo shayi, ya yi ta kewaye-kewaye a kan hutu da lafiya da iyali. Sabon-Shigowa ya tausaya masa, ya rage masa hanya.

"Ranka ya daɗe, wa za ku ba?"

Wata matashiya aka ba, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a. Asabar ta farko ya zauna a falo kusa da rediyo, ya shirya tsaf don ya kama mata kuskure. Matarsa ta tsayar da keke. Har aka gama shirin bai kama ko ɗaya ba.

"Yaya?" ta tambaya.

"Ta iya," ya ce. "Wallahi ta iya." Ya tashi yana lalube ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

Bayan wannan ne hasken da ya rage ya ƙarasa tafiya. Ya aika wa Mamana da laftof ɗinsa, ya ce ta fi shi bukatarta. Ya rame, ya rage magana. Wayarsa takan yi ta ƙara a kan katifa, mutane suna neman shawarar abin da za su saya, ba ya ɗauka. Wata rana matarsa ta shigo ta same shi yana shafa fuskar wayar da yatsa, santsi ne kawai daga sama har ƙasa, babu inda hannu zai kama.

"Shekara nawa ina yabon waɗannan abubuwa," ya ce, "ban taɓa tambayar yadda makaho zai yi da su ba. Ko sau ɗaya."

Da Mamana ta zo ganin gida, ita ta kunna masa muryar da ke cikin wayar, mai karanta duk abin da yatsa ya taɓa. Ya sha wahala kafin ya saba. Muryar ta wata Baturiya ce mai sauri, in ta zo kan saƙon Hausa sai ta dagula shi, "ina wuni" ya koma wani abu da ba a taɓa ji ba. Ranar farko har hawaye suka yi don dariya, shi da matarsa. Daga baya abin ya daina ba shi dariya. Amma ya nace, har ya iya kira da kansa, ya iya tura saƙon murya.

Da wannan wayar ya kira tsohon shirinsa. Ya daɗe a layi yana jin kiɗan jira kamar kowa. Da aka ɗauka, matashiyar ta gane muryarsa nan take, ta gaishe shi da girmamawa, ta ce yau suna da babban baƙo.

"Ba baƙo ba ne, 'yata, mai tambaya ne. In kin gwada waya, ki riƙa rufe ido na ɗan lokaci, ki ga ko za ki iya kiran gida da ita. Akwai mu da yawa, kuma ba..."

Lokacin talla ya yi, aka yanke. Ta yi alkawarin za su waiwayi maganar. Ta waiwaya sau ɗaya, ta yi shiri mai kyau a kai, sannan sababbin wayoyi suka fito aka ci gaba. Sai dai wasu sun ji. Wani malamin makaranta da suga ya cinye masa ido ya neme shi, daga baya wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta biyo. Sukan zo falon su zauna tsakanin ƙyallaye, yana kama yatsunsu yana nuna musu inda za su taɓa, wayoyi uku suna surutu lokaci guda, matarsa tana cewa sun mayar mata da shago kasuwa.

Ranar da Mamana ta haihu, da hantsi saƙo ya shigo wayarsa. Ya taɓa, muryar ta faɗi sunan mijin Mamana, sannan ta faɗi kalma ɗaya da Turanci: hoto. Ya sake taɓawa. Hoto. Ya ƙara taɓawa, ko za ta ce wani abu. Ba ta ƙara komai ba.

"Hajiya," ya kira. "Zo ki gani."

Ta taso da sauri har tana taka zare. Ta karɓi wayar, ya ji numfashinta ya sauya.

"Mace ce. Tana cikin farin tawul. Ga gashi cunkus, baƙi wuluk."

"Hoton ya fito sosai?"

"Ya ɗan yi duhu. Ɗakin asibiti ne."

"Bai buɗe labule ba ke nan. Kullum sai na gaya wa yaron nan haske ya zo daga bayansa." Ya gyara zama. "Idonta fa?"

"A rufe suke, barci take yi."

"Ki gaya wa Mamana, in jaririyar ta yi wayo a riƙa kai ta ana auna mata ido. Ita ma Mamanan ta je. Kada su jira sai sun ji ciwo."

"Zan gaya mata."

Ya miƙa hannu ta mayar masa da wayar. Ya riƙe ta a tafinsa, bai sake taɓa fuskarta ba. Matarsa ta zauna a hannun kujerar, ta ci gaba da ba shi labarin kunnuwan, da ɗan bakin, da yatsun da suka leƙo daga cikin tawul, yana gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa.