Yadda Muka Ƙetare da Inna Zuwa Kandi

Talata: Tawa zuwa Gaya

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka tashi daga Tawa, ni da matata Rabi da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Kandi za mu, a ƙasar Benin, wajen ƙaninta Kawu Abdu, wanda ya tafi fataucin albasa tun ina yaro, ya yi zamansa can. An bugo mana waya cewa ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ba ta fita sosai. Inna ta ce sai ta gan shi da idonta.

Mako biyu na yi ina shiri. Na sabunta takardun mota, na canza taya biyu, aka yi mana allurar shawara aka ba mu kati. Kogin da ya raba Gaya da ƙasar Benin ne kaɗai na rasa yadda zan shirya masa. Gadar Gaya a rufe take a lokacin, ƙafar Inna kuma ba ta jure hawa da saukar motocin haya, dole motarmu ta ƙetare a jirgin ruwa. Ni kuwa ɗan Adar ne, ruwan da na sani bai wuce tabki ba. Direbobi uku na tambaya a tasha, kowa da abin da ya faɗa. A gida ban nuna wa kowa ina jin tsoro ba.

Bakwai da minti ashirin muka shiga Kwanni, muka sha shayi da burodi, Inna ta dama furarta. A shingen bayan gari wani jandarma ya duba takardu ya tambayi inda za mu. Da na faɗa masa, ya leƙa ya ga tsohuwa a baya, ya ce Allah ya ƙetarar da mu lafiya. Na ce amin, na ja mota. Goma da rabi muka sha mai a Dogon Dutsi, ɗaya da kwata muka yi salla a Doso. Daga nan Rabi ta karɓe ni. Ungozoma ce, ta saba tuƙi a hanyoyin ƙauye. Kilomita wajen ɗari da hamsin ta ja mu, muka isa Gaya ƙarfe biyar.

Wani mutumin Tawa, tsohon abokin Kawu, shi ya sauke mu. Ya ce mu yi sammako, don da rana iska kan tashi, masu jirgi su daina ɗaukar mota.

Laraba: bakin kogi

Bakwai muna bakin ruwa, amma takardun duwan, wato kwastan, suka riƙe mu har goma saura. Jirgin ba abin da na zata ba ne. Faffaɗan ƙarfe ne kamar faranti, da inji a baya, da katako biyu da aka shimfiɗa daga gaɓa zuwa bakinsa. A kansu mota za ta hau. Mai jirgin, wani dattijo Bazabarme, ya ce kowa ya sauka sai direba.

Na kawo motar a hankali. Tayoyin gaba na taka katakon, jirgin ya ɗan motsa, na hango ruwa yana gudu ta tsakani. Na ɗage ƙafa da sauri, mota ta mutu. Na koma baya na sake, ta ƙara mutuwa. Dattijon ya dubi sama, ya ce in ban shirya ba in ba na bayana wuri, amma bai yi alkawarin wani sawu yau ba. Na tuna Kawu a kwance, ban san ko yana da gobe ba.

Sai ga Rabi a taga. Ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji, ta ce, "Baban Nana, Inna ba ta iya hawa ita ɗai. Tahi ka kama ta, ni in shigo da motar."

Na fito na je na kama Inna. Ta gyara kujera, ta bi hannun dattijon, sau ɗaya ta hau. Aka sa duwatsu aka tare tayoyin.

Ƙetarawar ba ta fi minti ashirin ba. A tsakiya iska ta fara, ruwa yana fallatso mana, motar tana ɗan rangaji. Inna na zaune a kan buhu tana jan carbi, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Isuhu, ruhe idonka in kana so. Babu mai kallonka." Na rufe har sai da na ji jirgi ya daki yashi.

Kandi

Daga Malanbil, inda muka sauka a ƙetare, zuwa Kandi kilomita ɗari ne da 'yan kai. Uku da rabi muka isa. Kawu ya rame ƙwarai. Inna ta zauna a bakin katifarsa ta kira sunansa. Ya daɗe yana kallonta, bakinsa yana motsi, can ya ce, "Yaya." Matarsa ta ce tun da ya kwanta bai faɗi kalmar da aka gane ba sai wannan. Kwana uku Inna ce ke ba shi kunu.

Komawa

Asabar muka juyo. A bakin ruwa na miƙa wa Rabi makulli tun ba ta tambaya ba. Muka kwana Gaya, Lahadi bayan la'asar muka shiga Tawa.

Kwana tara da dawowarmu aka bugo cewa Kawu ya rasu. Ni na kai wa Inna labarin. Ta yi salati, sannan ta ce a kira mata Rabi. Da ta zo, Inna ta kama hannunta biyu ta yi ta sa mata albarka, har muryarta ta dushe.

Na gode wa Allah da ya kai mu da sauran lokaci, ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai masaukinmu na Gaya da dattijon jirgi, wanda ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya jiƙan Kawu Abdu.