Gwaggo Mai Gyaran Kifi Ta Ajiye Wuƙa

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Haushi ne ya fi ƙarfin kunyata, tunda manyan da suka iya magana sun yi gum.

A bakin kogi, inda jiragen masunta ke tsayawa, akwai wani teburi mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da dutse. Shekara talatin da ɗaya Gwaggo ta yi a bayansa tana gyaran kifi. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da sassafe take zuwa da wuƙarta a naɗe cikin tsumma, kuma ba ta sa wa kifi wuƙa sai ta ɗaga kunnensa ta leƙa, ta latsa cikinsa da babban yatsa, ta sansana.

A nan take gane ɓarna. Kifin da aka kashe da maganin ƙwari, kunnensa a koɗe yake, cikinsa ya yi laushi tun rana ba ta yi zafi ba. In kuwa aka kawo mata 'yan mitsi-mitsi da ba su kai ɗan yatsa ba, ta san gidan sauro aka ja a ruwa.

"Jikokin kifi ka kwaso," za ta ce. "Baɗi me za ka kama, kwaɗo?"

Akwai ranar da matan wurin ba sa mantawa. Ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya dire daro uku a gabanta.

"Yaya, yi sauri, masu saye na jira."

Ta duba kifi na farko, ta duba na biyu, duk kunnuwansu a koɗe. Ta tsaga na uku, tarwaɗa ce cike da ƙwai.

"Auta, ina ka kamo waɗannan?"

"A ruwa mana. Da a sama ake kamawa?"

"Ruwan da ka zuba wa magani?"

Ya rage murya. "Haba Yaya, rufa mini asiri. Ina da 'ya'ya."

"'Ya'yan naka a ƙasan gurbin kogin nan suke ɗibar ruwan sha."

Ta kife murfi a kan darukan, ta aika aka kira ma'aikatan kula da kogi. Suka sami kwalaben maganin a cikin ciyawar gaɓa, suka ƙwace jirginsa. Yau shekara shida Auta bai gaishe ta ba. Rabin masunta suka ƙaurace wa teburinta, suka laƙaba mata 'Yar Rahoto. Sau nawa ta koma gida wuƙarta a bushe!

Abin da ke ci mini rai shi ne, masu zagin nata a gurbin nan suke jefa koma yanzu, su fito da kifi kamar cinya, ba kunya ba tsoron Allah. Ma'aikatan kuwa hoto suka ɗauka da darukan suka tafi. Ko sannu ba wanda ya ce mata.

Gwaggo, ke ce kika tsare kogin nan da wuƙa ɗaya da hanci. Ke kika yarda ki rasa gaisuwar ɗan'uwanki don kada uwa ta ɗora wa 'ya'yanta guba a wuta.

Makon jiya ta ajiye aiki, yatsunta sun daina lanƙwasuwa. Mata huɗu ne kawai suka zo sallama. Suna zaune sai ga Auta zai wuce da koma a kafaɗa, ya kawar da kai.

"Auta," ta ce, "komarka ta yage ta gefen hagu."

Ya tsaya, ya duba, ya ga haka ne. Ya ci gaba da tafiya bai waiwayo ba. Gwaggo ta bi shi da ido har ya shiga jirgin aro.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaji teburan bakin kogi, don Allah ku riƙa duba kifi kafin ku yanka, ko na wane ne.

Na so in faɗa mata haka baki da baki a ranar sallamar, har na matsa kusa da teburin. Sai na ga za ta juyo wajena, kunya ta kama ni, na sulale ta bayan jirage tun ba wanda ya lura.