Luguden Bayan Koriyar Ƙofa

Duk wanda ya zauna unguwar Karantina, a bakin tekun Hijaz, a shekarun nan ya san Salihu Mai Lori, ya kuma san cutarsa: akwai wata koriyar ƙofa a Wadi Fatima da ba ya wucewa bai kashe mota ba. Ni Mastura na fi kowa shan wahalar wannan hali, don ni ke dafa wa fasinjojinsa abinci, ina bayan lori tsakanin tukwane rana na gasa ni.

Fasinjojinsa alhazan ƙasarmu ne masu jiran jirgin ruwa bayan Hajji. In zama ya ishe su, kowace Alhamis sai ya kwashe su yawon buɗe ido. Yakan fara da Balad, tsohon gari, ya nuna musu dogayen gidajen attajirai masu tagogin katako, inda matan gida ke ganin titi, titi ba ya ganinsu. Ya kai su Bab Makka su ci ful, wato dafaffen wake, da gurasa mai zafi. In an dace ana biki, su tsaya kallon mizmar, maza na juya sanduna ana dukan ganga, ya ce, "Ku saurara da kyau, wannan kiɗan da ƙafa ya zo ƙasar nan, kamar ni."

Daga nan sai lambunan dabino na Wadi Fatima, kuma nan ake faɗa. Ya tsaya jikin katangar mai koriyar ƙofar, ya kashe inji, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Can ciki sai a ji ana daka. Alhazai na gumi suna tsaki, ni ina masifa: "Ya akhi, yalla, mu tafi! Shinkafa za ta yi tsami!" Ko kallona ba ya yi.

Sai da muka shekara uku tare ya gaya mini. Da ƙafa suka taso daga Haɗeja, shi da ƙanwarsa Dela, a ayarin wani madugu. Suna haye teku suka sauka gaɓar nan, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya farfaɗo ba Dela. Madugu ya ce ya sama mata aikin wata uku a wani lambu. Ashe sayar da ita ya yi, ya ɓace. Salihu bai san lambun ba, amma ya san Dela ba ta daka shiru. Lugude take yi, ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, abin da matan Hijaz ba su sani ba. Don haka ya koyi tuƙi, ya riƙa bin katangu yana kasa kunne, har ya ji a 1957.

"Tafi biyu, ya Mastura. Ita ce."

"Ka buga ƙofar?"

Bai buga ba. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, mai lambun babban mutum ne, in ya yi magana jirgi za a jefa shi. Ya ce sai ya sami takarda. Takarda ta zo, ya ce sai ya sami wanda zai tsaya masa. Shekara biyar ke nan yana tsayawa, yana ji, yana tafiya. Wallahi ranar na so in kwaɗa masa ludayi, tausayi ya hana ni.

Ana nan dakan ya ɗauke. Alhamis ta bi Alhamis, shiru. Bayan 'yan watanni, a 1962, aka yi shelar soke bauta. Ya sa farar riga, na raka shi, ya buga ƙofar da hannunsa. Wata tsohuwa baƙa ta buɗe, Zakiya, wadda ta yi bauta tare da Dela. Ta dubi lorin, ta dube shi.

"Kai ne mai motar Alhamis? Allah yarhamha, ta rasu tun Rajab."

Salihu ya dafa katanga. Tsohuwar ba ta raga masa ba.

"Tun ranar farko ta leƙa ta tsagar ƙofa ta gane ka, ya waladi. Kowace Alhamis da safe sai ta ɗaure kayanta a zane. Tana jin inji ya mutu sai ta ruga turmi. Yawanci ba komai a ciki, haka take dakansa, wai kada yayanta ya ɓata ƙofa. In mota ta tashi ta kwance ƙullin, ta ce yau da mutane yake, sai wani mako."

Ya tambayi kabari aka nuna masa fili, duwatsu birjik ba suna. Turmin aka ba shi, ya kasa ɗauka, ya bar shi inda yake.

Ya ci gaba da yawonsa har 1975, lokacin da ido ya hana shi tuƙi. Bai yi aure ba. Rijiyar lambun ta ƙafe, dabinon ya mutu a tsaye, fentin ƙofar ya zube, amma bai taɓa wucewa bai kashe mota ba. Yakan sauka, ya buga sau uku, ya jira. Alhazai su tambaye ni me ake jira a kango, in ce su kama bakinsu. Ban ƙara ce masa yalla ba.