Farar Rigar Issifou

Lokacin da nake takabar Malam, kullum da sassafe sai in tarar da bokiti biyu cike da ruwan famfo a ƙofar ɗakina. Sai da na yi wata guda kafin na gane Issifou ne, ɗan maƙwabciyarmu, yake ajiyewa kafin ya wuce buro, wato ofis. Bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Akawu ne a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa. Yana jin Faransanci, yana da farar riga guda da matarsa Mariyatu take gogewa da dutsen guga na gawayi. Amma zuciyarsa tana gonar da wani tsoho ɗan ƙabilar Ewe ya ara wa mahaifinsa a bayan garin Tsévié. A al'adarsu gonar aro ba ta zama banza. Tun da mahaifin ya rasu, damina biyu ba a taɓa ta ba, sai tsohon ya aiko: in ruwan fari ya sauka ba a share ba, ya karɓi abinsa.

Issifou ya je banki da katin jam'iyya a aljihu. Suka ce mai albashi kaɗai suke ba rance. Ashe shi ya riga ya miƙa takardar barin aiki, a zamanin da in ka bar aiki sai an tambaye ka da wa kake fushi. Saura mako uku damina ta faɗi, babu iri, babu kuɗin 'yan ƙwadago, hadari kuma ya fara haɗuwa.

A adashinmu na mata, kwasar watan tawa ce, ta Mariyatu sai ƙarshen shekara. Da kuɗin na yi niyyar canza kwanon ɗakina mai yoyo. Ranar zubi na ce mu yi musaya ni da Mariyatu.

Hajiya Ramatou, uwar adashi, ta ajiye goronta. "Ke Hasanatu, kanki ɗaya? Ɗan boko mai alƙalami ne zai riƙe fartanya? Ko barkono bai taɓa shukawa a gwangwani ba!"

Na ce, "Hajiya, kwasata ce."

"To in ruwa ya zubo miki a gado, ki kira shi ya tare da rigar buro."

Aka yi dariya, ban da Mariyatu, da take ɗaure kuɗin a bakin zane.

Ranar da za su tafi gona, an ɗora katifa da yara a bayan mota, Issifou ya shigo ya durƙusa. Ya miƙo min farar rigar, a goge, a naɗe cikin jarida.

"Inna, na san kaina. In masara ta ƙi, zan so in koma in roƙe su aiki. Ki ajiye min wannan a ƙasan akwatinki. Ko na zo ina kuka, don Allah kada ki ba ni."