Gefen Allon Ya Yi Duhu

Ya daina aiki da tafireta tun kafin a yaye 'yarsa ta fari, amma sunan ya bi shi: Mai Tafireta. Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, inda yake buga wa mutane takardun neman aiki da na hayar gida. Kwamfutarsa ta tebur ce, farin akwatinta ya rine kamar haƙorin tsoho. Akwatin dai bai taɓa yarda an taɓa shi ba, amma cikinsa babu abin da bai sauya ba. Fanka ta fara gurnani, ya sa sabuwa. Aiki ya fara nawa, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. A wurinsa kowace matsala tana da abin da za a kwance a ɗaura wani.

Shi ya sa ranar da ya ga gefen allon ya yi duhu, bai yi wata-wata ba ya kira mai gyaran da ke bakin layi.

Mai gyara ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa. "Kawu, allon nan fa tas yake. Har ƙurajen fuskata nake gani."

"To ka fara gyara fuskar mana. Ni dai sauya min shi."

Aka sauya. Sabon ya fi faɗi, duhun ma ya ƙara faɗi. Ya ce wayar allon ce, aka sauya waya. Ya ce ƙwan shagon ne, aka ɗaura mai haske kamar rana.

'Yarsa, wadda ke kawo masa abincin rana, ita ta lura sai ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya ga ƙarshen layi, kuma yana laluben linzamin kwamfuta da ke dab da hannunsa.

"Baba, mu je a duba idon nan."

"Idona ƙalau. Kayan yanzu ne ba su da aminci."

Ba gardama ce kawai ba. Ya san allo ana sayar da shi a kasuwa, kuma muddin laifin na allo ne, akwai sauran dabara.

Masu kawo aiki suka fara dawo da takardu: nan harafi ya ɓace, can an maimaita layi. Ba wanda ya yi masa faɗa, sun girmama furfurarsa. Zuwa kawai suka daina.

Kafin ya yarda a je asibiti shekara ta zagayo. Likita ta haska idon. Hawan jinin ido ne, in ji ta. Abin da ya tafi ya tafi. Sauran sai a yi ta ɗiga magani ko za a riƙe shi.

"Da kun zo bara," ta fara, sai ta dubi 'yarsa, ba ta ƙarasa ba.

Yanzu 'yar ce ke bugawa, shi yana kan benci yana faɗa mata yadda ake fara rubuta takarda da ladabi. Idan ta fita, yakan lallaɓa ya hau kujerar, yana bin layi da kai, kalma ɗaya-ɗaya, ta 'yar kafar gani da ta rage masa.